Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Makarantun Tauhidi Na Baptist A Najeriya

Iyayenmu a cikin Ubangiji,

Ina gaishe ku a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da aiki, barkanku da ɗawainiya. Daga Ogbomosho har zuwa Kawo a Kaduna, da sauran makarantun da ke ƙarƙashin Babban Taron Baptist na Najeriya, a hannunku ake ƙera fastocin da ke tsayawa a gabanmu kowace Lahadi. Abin da malami ya faɗa a aji bana, shi za mu ji daga bagade nan da shekara huɗu ko biyar. Shi ya sa ɗan ikilisiya kamata, wanda ba ya riƙe da kujera a kowace hukuma, yake ganin yana da bakin magana a kan yadda kuke ɗaukar malamai da yadda kuke sallamarsu.

Maganata a kan takardar bangaskiya ce, wadda malami ke sa wa hannu kafin a ba shi aji. Ina goyon bayanta, kuma zan faɗi dalili. Roƙon da na zo da shi guda ɗaya ne: abin da aka rubuta, aka karanta wa kowa, malami ya gani da idonsa kafin ya sa hannu, shi kaɗai ya zama ma'aunin da za a auna shi da shi. Kada ra'ayin wanda ke kan kujera a wannan shekara ya zama wani sharaɗi na ɓoye da za a zaro ranar da ake son raba mutum da aikinsa.

'Yan'uwanmu Baptist na jihohin kudu na Amurka sun fi shekara 160 suna fama da wannan batu. Labarinsu ya shafe mu, domin daga cikinsu Thomas Jefferson Bowen ya fito ya iso ƙasar nan a 1850, kuma makarantarmu ta Ogbomosho, da aka kafa a 1898, ta ƙulla alaƙar karatu da tasu ta Louisville a 1948. Malamanmu da yawa can suka yi karatu mai zurfi, littattafansu ne cike da ɗakunan karatunmu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A 1856 James P. Boyce ya yi jawabi a Jami'ar Furman, inda ya nemi a kafa makarantar tauhidi da kowane malaminta zai ɗaure kansa da rubutacciyar shaidar bangaskiya. Basil Manly ƙarami ya rubuta ta, sakin layi 20, aka amince da ita a 1858 da sunan Abstract of Principles. Makarantar ta buɗe a Greenville a 1859 da malamai huɗu, ta koma Louisville a jihar Kentucky a 1877. Alkawarin da malami ke ɗauka shi ne zai koyar daidai da waɗannan ƙa'idoji, ba zai koyar da abin da ya saɓa musu ba. Har yau malamin da aka tabbatar yana sa hannu a bainar jama'a, ɗalibai suna kallo.

Akwai abin da Boyce ya bayyana daga baya game da yadda aka tsara takardar, wanda nake so ku riƙe. Ya ce sun bi ƙa'ida uku. Ta bayyana manyan koyarwar alheri sarai. Ta faɗi al'adun da duk Baptist suka haɗu a kansu. Sannan duk wani batu da 'yan ɗarika suka rabu a kansa, kada makaranta ta ɗauki ɓangare. Wannan ta ukun ita ce aka fi mantawa da ita a shekarun da suka biyo baya, kuma mantawa da ita ta ci mutane da yawa.

Gwaji na farko ya zo a 1879. Crawford Toy, malamin Tsohon Alkawari, ɗaya daga cikin haziƙan da suka taɓa karatu a makarantar, ya yi karatu a Jamus ya dawo da wata fahimta game da hurarren Littafi Mai Tsarki wadda ta kauce wa sakin layi na farko na takardar. Ya rubuta matsayinsa ya miƙa wa amintattu, wato hukumar da ke kula da makarantar, tare da takardar murabus, suka karɓa. Broadus, abokin aikinsu, ya ruwaito cewa a tashar jirgin ƙasa Boyce ya rungume Toy, ya ɗaga hannunsa na dama ya ce da ya yarda a yanke shi in har Toy zai koma inda yake shekara biyar da suka wuce. Toy ya tafi Harvard, daga baya ya shiga cikin waɗanda ba su yarda da Triniti ba. A nan takardar ta yi aikin da aka rubuta ta dominsa. An san abin da ta ce, an san inda malamin ya tsaya, shi da kansa ya faɗa, aka rabu da hawaye ba tare da an ci mutuncin kowa ba. Duk wanda ke cewa makarantar tauhidi ba ta buƙatar irin wannan takarda, ya dubi ƙarshen tafiyar Toy. Manzo Bulus ya gaya wa Titus cewa dole shugaba ya riƙe amintacciyar magana yadda aka koyar da ita. Tsohuwar da ta jefa baikonta a ƙauye don a horar da fasto tana da haƙƙin ta san cewa ba za a dawo mata da wanda ke shakkar tashin Almasihu daga matattu ba.

Shekara 20 bayan haka, a makaranta guda, aka ga ɗaya fuskar. William Whitsitt, shugaban makarantar kuma masanin tarihin ikilisiya, ya binciki tsofaffin takardu a Ingila, ya rubuta cewa Baptist na Ingila sun fara baftisma ta nutsarwa ne wajen 1641. Wasu masu ƙarfi a ɗarikar sun riƙe cewa Baptist sun zo a jere ba yankewa tun daga Kogin Urdun, suka tayar da ƙura. Babu sakin layi ko ɗaya cikin 20 ɗin nan da Whitsitt ya karya. Bai ce nutsarwa kuskure ba ce, shekara kawai ya faɗa. Amintattu sun tsaya masa da farko, amma da jihohi suka fara barazanar janye kuɗi, ya miƙa murabus, ya sauka a 1899. Yau abin da ya faɗa shi ne mafi yawan masana tarihin Baptist ke koyarwa. An rasa malami mai gaskiya saboda wani sharaɗi da ba a taɓa rubutawa ba, kuma takardar da ta isa ta raba makaranta da Toy ba ta isa ta kare Whitsitt ba. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci. In takarda za ta iya kama malami idan ya kauce, dole ta iya kare shi idan bai kauce ba.

A 1962 aka sallami Ralph Elliott daga makarantar Midwestern da ke Kansas City bayan hayaniya kan littafinsa game da Farawa. Dalilin da aka rubuta bai ce ya yi karkatacciyar koyarwa ba, an ce ya ƙi yin alkawarin ba zai sake buga littafin ba. Wannan rikicin ne ya sa aka sabunta shaidar bangaskiya ta ɗarikar gaba ɗaya a 1963, wadda aka fara amincewa da ita a 1925. Gabatarwarta ta nanata cewa irin waɗannan takardu jagora ne wajen fassara, ba su da iko a kan lamirin mutum, Littafi Mai Tsarki ne kaɗai ke da wannan iko.

Sai 1979, aka zaɓi Adrian Rogers shugaban Babban Taron Baptist na kudu a Houston. Paige Patterson da Paul Pressler, jagororin ɓangaren da ke ganin wasu malaman makarantu sun kauce wa Littafi Mai Tsarki, sun lura da yadda tsarin yake: shugaba yana naɗa kwamiti, kwamitin ya gabatar da wani kwamiti, wannan kuma ya gabatar da amintattun makarantu. In ɓangare ɗaya ya ci zaɓe shekara goma a jere, hukumomin makarantu shida duka za su koma hannunsa. Haka kuwa aka yi. Ba zan ce damuwarsu ba ta da tushe ba. Kwamitin sulhu da aka kafa ya ba da rahoto a 1987 cewa lallai akwai malaman da ke koyar da abubuwan da yawancin ikilisiyoyi ba su yarda da su ba game da Adamu da Hawwa'u da mu'ujizai. Ikilisiyoyi ne ke biyan albashi, suna da ikon su tambaya. Inda nake so ku sa ido shi ne yadda aka bi da mutane bayan an karɓi iko.

A watan Maris na 1994 amintattun makarantar Southwestern a Fort Worth suka tsige shugabanta Russell Dilday, nan take aka canza makullin ofishinsa. A wannan shekarar, a Louisville, inda Albert Mohler ya zama shugaba a 1993 yana da shekara 33, aka sanar da Molly Marshall, malamar tauhidi da aka riga aka tabbatar, cewa ta yi murabus ko a tuhume ta da saɓa wa takardar 1858. Ta yi murabus. A 1995 aka sauke Diana Garland daga shugabancin sashen koyar da aikin jin daɗin jama'a, bayan ta fito fili ta koka cewa an hana ɗaukar malamin da ta gabatar saboda ya ce mace na iya zama fasto. A lokacin, wannan batu ba ya cikin takardar 1858, ba ya cikin ta 1963. Akwai ƙudurin da Babban Taro ya zartar a 1984 yana ƙin naɗa mata, amma ƙuduri a tsarin Baptist ba ya ɗaure kowa. Sai a 2000 aka rubuta a shaidar bangaskiya cewa muƙamin fasto na maza ne kaɗai. Wato an fara hukunta mutane da dokar tun shekara biyar kafin a rubuta ta.

Abin da ya faru da Sheri Klouda ya fi taɓa ni. Amintattun Southwestern suka ɗauke ta a 2002 ta koyar da Ibrananci. Ta yarda da shaidar bangaskiya ta 2000, ba ta nemi zama fasto ba. A 2003 aka yi sabon shugaba, Patterson, wanda ya fahimci 1 Timoti 2:12 da cewa mace ba za ta koya wa maza a sashen tauhidi ba. Takardar ba ta canza ba ko da harafi ɗaya, mai kujera ne ya canza. Ta bar makarantar a 2006, ta kai ƙara, kotu ta kori ƙarar a 2008 bisa dalilin cewa hukuma ba ta tsoma baki a harkar cikin gida ta addini. Ku lura da wannan, iyayenmu. Inda kotu ta janye hannu, babu wanda zai yi wa malami adalci sai ku. In ba ku yi ba, ba shi da wata ƙofa a duniya.

Ban zo in yanke hukunci kan batun mata da aikin fasto ba. A nan Najeriya mata suna karatun tauhidi, suna koyarwa, wasu an naɗa su, kuma akwai masu bi na ƙwarai da ke ganin abin ta wata fuska. Haka batun magana da harsuna, da man shafawa, da wa'azin wadata, da abin da za a yi da mutumin da ya tuba yana da mata fiye da ɗaya, wanda fastocin Arewa suka sani ba a littafi kawai ba. Cikin waɗannan akwai wanda ni kaina nake ganin ya kamata a ja masa layi, musamman wa'azin da ke mai da bishara ciniki. To a ja layin da rana tsaka. A kawo batun gaban Babban Taro, wakilan ikilisiyoyi su yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a, a rubuta. Batun da ba a kai ga haɗuwa a kansa ba kuwa, a bi shawarar Boyce, kada a mai da shi tambayar da za a kayar da mai neman aiki da ita a bayan ƙofa.

Idan kuma an ƙara sabon sharaɗi, a yi tunanin waɗanda suka shigo a ƙarƙashin tsohon. A 2002 hukumar mishan ta Baptist na kudu ta nemi dukan ma'aikatanta a ƙasashen waje su sa hannu a takardar 2000. Wasu suka yi murabus, wasu suka yi ritaya, a 2003 aka sallami 13, cikinsu har da waɗanda suka tsufa a fagen aiki. Da dama sun ce ba Littafi suke ƙi ba, abin da lamirinsu ya ƙi shi ne a mai da rubutun ɗan adam ma'aunin amincinsu bayan shekaru suna hidima. Mutumin da ya ba makaranta ƙuruciyarsa, in ƙa'ida ta canza a kansa, ya cancanci a zauna da shi, a ba shi lokaci, in rabuwa ta zama dole a sallame shi da haƙƙinsa cikakke da sunansa a wanke. Yana da iyali, 'ya'yansa suna makaranta, kuma a ƙasarmu malamin tauhidi da aka yi wa tambarin ɓata ba shi da wurin zuwa.

Mu ma muna da namu darasin a gida. A 1888 a Legas, mishan W. J. David ya sallami Fasto Moses Ladejo Stone ba tare da ya nemi yardar ikilisiya ba. Jama'a da yawa suka fice suka kafa tasu ikilisiyar, cikinsu har da wanda daga baya aka sani da Mojola Agbebi. Babu wata koyarwa da aka saɓa a kanta. Abin da ya fasa ikilisiya shi ne mutum ɗaya ya yanke hukuncin da na jama'a ne. Nikodimu ya tambayi majalisa ko shari'arsu takan hukunta mutum tun ba a ji daga bakinsa ba. Bulus ya hana Timoti karɓar ƙara a kan dattijo sai da shaidu biyu ko uku. Saboda haka ina roƙo kowace makaranta ta sa a rubuce yadda ake tuhumar malami: a nuna masa sakin layin da ake cewa ya karya, a nuna masa maganarsa ko rubutunsa, a ba shi kwanaki ya shirya amsa, waɗanda za su saurare shi su haɗa da malamai 'yan'uwansa da suka san fannin, kuma ya sami inda zai ɗaukaka ƙara. Guntun sauti da ɗalibi ya naɗa a waya ya watsa a WhatsApp bai isa shaida ba. Malamin kirki yakan kawo hujjar masu musu da ƙarfinta a aji don ɗalibai su koyi amsa ta, kuma in an yanko minti ɗaya daga tsakiyar darasin, sai a ji kamar shi ne mai musun. Ku tuna yadda Bilkisu da Akila suka yi da Afolos. Sun ji gibi a koyarwarsa, suka ja shi gefe suka ƙara fayyace masa, ikilisiya ta ci riba da shi.

Akwai kuma abin da sa hannu ba ya iya nunawa. Malaman nan huɗu da suka kafa makarantar Greenville, waɗanda suka fara sa hannu a takardar 1858, dukansu sun mallaki bayi. Makarantar da kanta ta tabbatar da haka a rahoton da ta fitar a 2018. Babban Taronsu ma a kan batun bauta aka kafa shi a 1845, kuma sai a 1995 ya nemi gafara a hukumance. Mutanen da suka tsara magana a kan Triniti da barata ba kuskure, sun kwana sun tashi da 'yan Afirka a matsayin dukiyarsu, takardar ba ta ce musu komai ba. A 2018 kuma amintattun Southwestern suka sallami Patterson kansa saboda yadda ya bi da ƙarar wata ɗaliba da ta ce an yi mata fyaɗe. Ina faɗin wannan da baƙin ciki. Idan kuna tantance malami, bayan kun tambaye shi abin da ya gaskata, ku je ikilisiyarsa ku tambayi yadda yake da matarsa, yadda yake da kuɗin da ba nasa ba, yadda yake da ɗalibai mata, ko yana raina wanda ba ƙabilarsa ba. Digiri na uku abu ne mai kyau, muna buƙatar masu shi. Amma wanda zai koya wa saurayi kiwon garke a Kudancin Kaduna ko Bauci ko Adamawa, inda fasto kan binne membobinsa bayan hari ya kuma hau bagade ya yi wa'azin gafara, ya kamata a ce shi ma ya taɓa riƙe ikilisiya.

Ku yi hattara kuma da takardun da ke zuwa tare da taimako. Wasu makarantun Amurka yanzu sun ƙara wasu sanarwoyi a kan tsofaffin takardunsu, irin na Chicago na 1978 kan rashin kuskuren Littafi, da na Danvers na 1987 kan matsayin maza da mata, da na Nashville na 2017 kan aure da jinsi. Kowacce amsa ce ga gardamar da ta taso a can, a lokacinta. Akwai abin koyo a cikinsu, a karanta su a aji. Amma in mai ba da tallafin karatu ko littattafai ya ce sai malamanmu sun sa hannu a kansu, amsar ita ce ikilisiyoyin Najeriya ne ke da ikon faɗin abin da zai ɗaure malamansu. Tun 1914 muke da namu taron. Tambayoyin da ke gabanmu, na zama da maƙwabta Musulmi, da tsoron maita, da ramuwa bayan zubar da jini, ba wanda zai rubuta mana amsarsu daga Kentucky.

Abu na ƙarshe ya shafe mu 'yan Arewa kai tsaye. Duk takardar da malamai za su sa wa hannu, a juya ta zuwa Hausa mai kyau, a buga, a raba wa ikilisiyoyi, a karanta ta a tarurrukan ƙungiyoyin ikilisiyoyi da na zumuntar mata. Dattawanmu da yawa da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, da Hausa suke addu'a, kuma daga aljihunsu ake tara abin da ake tura muku. Su san abin da malaman 'ya'yansu suka yi alkawari a kai. Sa hannun ma a yi shi a majami'ar makaranta ranar buɗe zango, a gaban ɗalibai. A wannan ranar kuma shugaban hukuma ya miƙe ya karanta alkawarin da makaranta ta ɗaukar wa malamin, ya sa nasa hannun a ƙasa.

Ina roƙonku ku sa wannan batu a jerin abubuwan da za ku tattauna a zamanku na gaba, ku kuma gayyaci malamai su faɗi nasu kafin ku yanke shawara.

Ubangiji ya ƙara muku hikima da ƙarfi.

Naku a cikin Almasihu,
Ɗan ikilisiyar Baptist daga Kaduna